Yadda Za Ka Haɗa Abin Kafe Keke da Fayif ɗin Roba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure suka dawo kan hanya. A nan Getso, da Gwarzo da Kabo, ɗalibai da malamai da masu shago da yawa sun koma taka feda. Sai dai yawancin kekunan nan jak ɗinsu ya karye ko ya saki, wanda kuma yake da shi nutsewa yake yi a rairayi. Iska na kaɗawa keke ya faɗi, hannun birki ya lanƙwashe, ko kuma a jingina shi da katangar ƙasa yana cin ta kullum. Mai walda zai iya yi maka na ƙarfe, amma na roba kai da kanka za ka haɗa shi cikin awa guda, ba ka buƙatar wutar lantarki.

Abin da ake so shi ne wani ɗan lungu da tayar gaba za ta shige ta tsaya: fayif biyu a kwance, biyu a tsaye, da ƙafafu masu faɗi da za su hana shi kifewa.

Ka nemi fayif mai inci ɗaya, mai kaurin nan da masu aikin famfo ke jan ruwan bohol da shi. Kada a ba ka na wayarin, wanda ake zura wayar lantarki a ciki, don ba shi da ƙwari. Mita uku da rabi ya isa. Sai mahaɗi mai baki uku da ake kira ti guda 6, elbo guda 2, murfi guda 4, da gam ɗin fayif. Idan babu su a kusa, ba a rasa su a Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Kayan aiki kuwa zarton ƙarfe ne da tef ɗin awo da maka.

Ka yanka guda huɗu masu santimita 25, biyu masu 35, biyu masu 15, biyu masu 55, sannan guntaye uku masu kamar santimita 5. Ka kankare bakin kowanne da wuƙa.

Fara da ƙafafu. Haɗa ti biyu gefe da gefe da guntu ɗaya, bakinsu na tsakiya yana kallon waje ɗaya, sannan ka sa mai 25 a dama da hagu, ka rufe da murfi. Ka yi irin wannan sau biyu. Daga ƙafar gaba ka zura masu 35 ɗin nan biyu, ka sa wa kowanne ti da bakinsa ke kallon sama, ka ci gaba da masu 15 har su shiga ƙafar baya. Masu 55 su ne za su tsaya a tsaye, ka haɗe kansu da elbo biyu da guntun da ya rage.

Inda aikin yake gyaruwa ko ya lalace shi ne faɗin lungun. Tayar irin su Phoenix da Raleigh, masu wili inci 28, faɗinta kusan santimita 4 ne, ta keken giya mai ƙatuwar taya kuma takan kai 5 ko ta ɗan wuce. Idan ti biyu suka manne da juna, tazarar da ke tsakanin fayif ɗin takan kama daga santimita 4 da rabi zuwa 6, gwargwadon kamfanin da ya yi su. Don haka ka auna tayarka da isasshiyar iska a ciki, ka bar rarar da ba ta wuce rabin santimita ba. In lungun ya matse, ƙara tsawon guntayen nan uku. In ya yi faɗi, keken zai riƙa karkata, sai ka yanko robar tsohon tub ka naɗe fayif ɗin da ita har tayar ta zauna daram. Tsawon 55 ɗin ma da dalili: gaban wili mai inci 28 ya fi turowa a tsayin santimita 35 daga ƙasa, in ka gajarta su, tayar za ta daki mahaɗin sama tun ba ta shige ciki sosai ba.

Kada ka taɓa gam sai ka haɗa komai a bushe ka tura keken ka gani. Mu masu rubuta manhaja ba ma sakin aiki sai mun gwada shi, nan ma haka ne, domin wannan gam narkar da fuskar robar yake yi ta haɗe, cikin daƙiƙu kaɗan ya kama, babu warwarewa. Ja layi da maka a kan kowace mahaɗa don ka san inda za ta kalla. Ka kuma sani da gam fayif ya fi shigewa ciki, lungun zai ɗan ragu. A ganina ƙasan kawai ya kamata a manne, na tsaye a bar su haka ko a ɗaure su da ƙaramin sukuru, don a iya cirewa. Kafin ka rufe murfin ƙarshe, ɗura busasshen yashi a ciki ya ƙara masa nauyi.

Rana ita ce babbar abokiyar gabarsa. Ba a so zafin wannan roba ya wuce digiri 60, kuma a watan Afrilu zafin iska kaɗai yakan haura 40 a yankinmu, balle abin da ke kwance a kan siminti da azahar. Hasken rana kuma yana busar da ita a hankali har ta riƙa tsagewa. Ajiye shi a zaure ko ƙarƙashin rumfa, in dole sai a fili, shafa masa farin fenti. Kada kuma ka gasa fayif a wuta don ka lanƙwasa shi ka huta da sayen elbo, hayaƙinsa guba ne.

Ba a yi shi don mashin ba, kuma in ka ɗauro buhun masara a kariya, sauke shi tukuna. Ba ya hana sata: zarton da ka yanka shi da shi zai raba shi biyu cikin minti ɗaya. Idan a ƙofar shago ko makaranta za ka ajiye shi, ka ɗaure keken da sarƙa a jikin ƙarfe ko bishiya.