Hedy Lamarr: Jarumar fim ɗin da sojojin ruwan Amurka suka jefa ƙirƙirarta a kwandon shara

Idan ka haɗa wayarka da abin sauraro na kunne ta Bluetooth, na'urorin biyu ba sa tsayawa a kan zangon rediyo ɗaya. Tsalle suke yi tsakanin zango 79, har sau 1,600 a cikin daƙiƙa guda, don kada saƙonsu ya ci karo da na wasu. Wata mata da aka fi sani da kyan fuska a fina-finan Hollywood ta yi rajistar irin wannan dabara tun a shekarun 1940.

An haifi Hedwig Kiesler a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1914. Tana da shekara 18 ta auri Fritz Mandl, attajirin mai ƙera makamai, mutum mai tsananin kishi da kulle. Yakan zaunar da ita a wajen liyafar da yake yi wa abokan cinikinsa don ado, su kuwa suna ta hirar makamai a gabanta, ba su ɗauka tana fahimta ba. A 1937 ta tsere zuwa Landan, inda ta haɗu da Louis B. Mayer, shugaban kamfanin fim na MGM. Daga baya aka raɗa mata suna Hedy Lamarr.

Ta yi suna, amma ba ta daina ƙere-ƙere ba. Tana da teburin zane a gida, idan an tashi daga ɗaukar fim can take nufa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suna ta nutsar da jiragen ƙawayen Ingila. Ana iya sarrafa bam ɗin da ke gudu a ƙarƙashin ruwa ta hanyar rediyo, sai dai da zarar abokan gaba sun gano zangon da ake aika umarni, sai su cika shi da hayaniya, bam ɗin ya ɓata hanya. Tunanin Lamarr shi ne: me zai hana mai aikawa da mai karɓa su riƙa sauya zango tare, bisa wani tsari da su kaɗai suka sani? Kafin maƙiyi ya laluɓo zango ɗaya, an riga an bar shi.

Wuyar aikin ita ce yadda ɓangarorin biyu za su yi tsallen a lokaci guda. A nan George Antheil ya shigo, makaɗin da ya taɓa ƙoƙarin haɗa fiyano masu kaɗa kansu su yi kiɗa tare. Irin wannan fiyano da naɗaɗɗiyar takarda mai huji-huji yake aiki. Sai suka ce a sa takarda iri ɗaya a jirgi da cikin bam ɗin, ta riƙa juya su tsakanin zango 88, daidai adadin maɓallan fiyano.

Ranar 11 ga Agustan 1942 aka ba su takardar mallakar fasaha mai lamba 2,292,387. Rundunar sojan ruwan Amurka ta karɓa ta ajiye, ba ta ƙera ba. Ita kuwa Lamarr aka nuna mata cewa fuskarta ta fi amfani wajen tara wa gwamnati kuɗin yaƙi, ta kuma zaga garuruwa ta yi hakan. Wa'adin takardar ya ƙare a 1959, shekarar da Antheil ya mutu, ba tare da ta kawo musu ko sisi ba.

A shafukan sada zumunta ana yawan cewa ita ta ƙirƙiro Wi-Fi. Wannan zuzutawa ce. Wasu masana sun yi rubutu kan sauya zango kafin ita, kuma Wi-Fi na yau da wata dabara daban yake aiki. Amma ba ta buƙatar a yi mata ƙarya: ita da makaɗi, ba tare da digirin injiniya ba, sun tsara cikakkiyar na'ura kan hanyar da injiniyoyi suka koma bi bayan zuwan taransisto.

Sai a 1997 ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ta karrama su, lokacin tana da shekara 82, ta daina fita bainar jama'a, ɗanta ne ya karɓar mata. Ta mutu a jihar Fulorida a Janairun 2000, kuma a 2014 aka saka sunanta a zauren karrama masu ƙirƙira na Amurka.