Masanin Ƙididdiga da Kare Muhalli: Darasi Daga Zamfara

A shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da jami'an lafiya na gwamnati da ƙwararrun hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida suna ƙirga yaran da suka rasu, suna auna jinin masu rai da ƙasar tsakar gida, sannan girman matsalar ya bayyana. A ƙauyuka biyu da aka bincika, kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Sanadin mutuwar gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. An ƙiyasta yara aƙalla 400 suka rasa rayukansu.

Nan aikin masanin ƙididdiga yake. Ba za a iya auna kowace rijiya da kowane gida ba, don haka shi ke tsara inda za a ɗebi samfur da yawan da za a ɗiba, yadda kaɗan ɗin zai wakilci duka. Shi ne kuma ke tantance ko ƙaruwar mace-mace ta wuce abin da aka saba gani, da ko gidajen da ake niƙa dutse sun fi sauran asarar yara. Da amsarsa ake sanin ƙauyen da za a fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa.

Mai wannan sana'a yakan karanta lissafi ko ƙididdiga a jami'a, sannan ya shiga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ko ma'aikatar muhalli, ko hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli. Kullum yana tsakanin kwamfuta da bayanan da ake kawowa daga karkara.

Babban nauyin da ke kansa amana ce. Alƙaluman da ke tona sakaci ba sa yi wa masu mulki daɗi, kuma rage su ko ɓoye su na nufin jinkirta magani ga marasa lafiya. Wajibi ne gwamnati ta ɗauki irin waɗannan ƙwararru da yawa, ta ba su kayan aiki, ta bar su su fitar da sakamakonsu yadda yake.