Maginin Faransa da Ya Koyi Ƙana'a a Yamai

Duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi da kaka, bayan an karye masara an auna auduga, kuɗi sun zauna a hannun manoma, idan ya ratsa Bakori da ƙauyukanta da wuya ya rasa ganin gidan da aka sa wa diga: zauren kakanni a kwance, azara a jingine, bulo kuwa jibge a ƙofar gida yana jiran magini. Ganin haka shekara da shekaru shi ya sa na ga dacewar in kawo wa masu karatu labarin wani maginin Faransa wanda duniya ta girmama saboda ƙin rushe gini, alhali kuwa a maƙwabtanmu ya ɗauko wannan ra'ayi.

Sunansa Jean-Philippe Vassal. An haife shi a Kasabalanka ta ƙasar Maroko a 1954, ya yi karatun zanen gine-gine a birnin Bordo, inda ya haɗu da Anne Lacaton wadda ta zama abokiyar aikinsa har yau, kuma da ya kammala a 1980 sai ya nufi Nijar, ya shekara biyar yana aikin tsara gari. A 1984 shi da Lacaton suka kafa bukka ta rassan itace da zana a kan wani tudun rairayi kusa da Yamai, daura da kogin Kwara. Neman wurin ya ci wata shida, kafawar kwana biyu, iska kuma ta kwashe ta cikin shekara biyu. Amma ilimin da ya samu wajen talakawan ƙasar, waɗanda ke samar da inuwa da iska da sutura daga abin da ke gabansu ba tare da israfi ba, shi iska ba ta tafi da shi ba, kuma a kansa suka kafa ofishinsu a Faransa a 1987, bisa ƙa'idar cewa ba a rushe abin da zai gyaru.

A 1996 hukumar Bordo ta ba su aikin ƙawata wani ɗan dandali mai suna Léon Aucoc. Suka je suka zauna, suka saurari mutanen unguwa, sannan suka ba da hukuncin da ba kowane mai neman abinci da sana'arsa zai iya bayarwa ba, wato wurin ba ya bukatar sabon gini, sai dai a sake masa tsakuwa, a kula da itatuwansa, a riƙa share shi. A ganina wannan ita ce amana a cikin sana'a.

Babban aikinsu shi ne na unguwar Grand Parc, a Bordo ɗin dai, inda akwai dogayen benaye uku na talakawa, masu gidaje 530, waɗanda aka gina tun wajen 1960, suka tsufa har ana maganar rushe irinsu. Tare da abokansu Frédéric Druot da Christophe Hutin, sai suka jingina wa kowane gida ƙarin ɗaki mai bangon gilashi da baranda, mai zurfin kusan mita 4, wanda ke tara ɗumin rana da hunturu, ya tare zafi da bazara. Kuma abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne, ba a tashi mazauna daga gidajensu ba, ba a ƙara musu kuɗin haya ba, kuɗin aikin kuwa bai ko kusanci na rushewa da sake gini ba. An gama a 2017, kuma a 2021 aka ba su biyun lambar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a wannan fanni.

To, mu da muke da gadon Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara, ai ba mu ne za a koya wa wannan hikima ba. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ba ta sakinsa sai dare ya yi sanyi, ɗakin bulo da kwano kuwa kowa ya san yadda yake zama tanda a watan Afrilu. Ban musa ba, ginin ƙasa yana da wahalarsa, musamman a wannan yanki namu mai yawan ruwa, domin yana son yaɓe da makuba da gyaran indararo kafin kowace damina. Sai dai waɗannan illoli ne masu magani: a ɗaure gindin katanga da dutse da siminti, a ɗora rufi mai faɗin baki da zai kare ta daga feshi, a ƙara sabon ɗaki a gefe idan iyali sun yawaita.

Saboda haka ina roƙon manoman Bakori da kewaye, wanda Allah ya hore wa kuɗin gini bana, kafin ya kira mai diga ya fara kiran tsohon magini na garinsu, su zagaya soron tare, su duba abin da zai gyaru.