Linzami Biyar na Ajantina da Jirginmu Aradu

Manomin da ke ban ruwan albasa a fadamar Giyawa ya san cewa injin ban ruwa, komai tsadarsa, ranar da ya tsaya aka rasa kayan gyaransa a kasuwar Goronyo, ya koma ƙarfe kawai a bakin rijiya. Makamin yaƙi ma haka yake, kuma babu inda hakan ya fito fili kamar a yaƙin kwana 74 da Ajantina da Ingila suka gwabza a 1982 kan tsibiran Fokland, can ƙarshen kudancin tekun Atilantika. Wanda ya karanta wannan yaƙi da idon basira zai ga cewa ƙarfin makami yana hannun mai gyara shi, da mai sarrafa shi, da mai sayar maka da wani idan ya ƙare.

Makamin da ya yi suna a yaƙin shi ne Exocet, mai linzami ƙirar Faransa. Jirgin sama ne ke sakinsa daga nesa, sai ya sauko ya riƙa shafar ruwa, 'yan mitoci kaɗan a saman igiya, yana gudu kusa da saurin sauti. Saboda wannan ƙasa-ƙasa da yake yi, na'urar hango abokan gaba ba ta ganinsa sai ya kusa, lokacin da dabara ta riga ta ƙare. Ranar 4 ga Mayu ɗaya ya huda gefen jirgin yaƙin Ingila mai suna Sheffield, wuta da baƙin hayaƙi suka cika shi, mutum 20 suka mutu, bayan kwana shida ya nutse. Ranar 25 ga wata aka kuma harbo jirgin dakon kayan Ingila Atlantic Conveyor da irinsa, ya tafi da manyan jirage masu saukar ungulu, abin da ya sa sojojin Ingila da yawa suka ratsa tsibirin a ƙafa, da kaya a baya, cikin sanyi da taɓo. To amma irin wannan Exocet da ake harbawa daga sama guda biyar kacal Ajantina take da su. Yaƙi na ɓarkewa Faransa ta dakatar da sayar mata da makamai, ta bi bayan Ingila. Biyar ɗin na ƙarewa, shi ke nan.

Asara mafi muni kuwa tsohon makami ne ya jawo ta. Ranar 2 ga Mayu jirgin ƙarƙashin teku na Ingila, Conqueror, ya nutsar da jirgin yaƙin Ajantina General Belgrano, mutum 323 suka halaka, kusan rabin duk mamatan Ajantina a yaƙin. Kwamandan Conqueror yana da sabuwar nakiya mai gudu cikin ruwa wadda ake juya ta da waya, amma ya zaɓi samfurin da aka zana tun shekarun 1920, domin ita ce mutanensa suka sani kuma suka amince da ita. A ɗaya ɓangaren, matuƙan Ajantina sun nuna jarumta ta gaske, suna tashi dab da ruwa su jefa bom a kan jirage, sai dai bama-bamai da yawa sun huda jirgi ba su fashe ba, saboda an saita su ne don jifa daga sama sosai. Jirginsu na ƙarƙashin teku, San Luis, ya harba sababbin nakiyoyi ƙirar Jamus, ko ɗaya ba ta yi ɓarna ba.

Wani zai ce ai Ingila ma da kayan zamani ta ci nasara, tunda Conqueror da makamashin nukiliya yake tafiya, jiragenta na sama kuma suna ɗauke da sabon linzamin Sidewinder. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke cewa a koma kwari da baka. Sai dai Ingila ita ta ƙera jiragenta, ita ke gyara su a gida, Amurka kuma ta ci gaba da tura mata linzami da mai ana tsakiyar yaƙi. Ita ƙofar dillalinta a buɗe take, ta Ajantina an rufe.

Abin ya shafe mu kai tsaye. A Fabrairun 1982, wata biyu kafin wannan yaƙi, rundunar sojan ruwan Najeriya ta ƙaddamar da babban jirginta da aka ƙera a Hambog ta Jamus, aka raɗa masa sunan Hausa, Aradu. A tsakanin nan ne muka sayi ƙananan jirage uku daga Faransa, Siri da Ayam da Ekun, masu ɗauke da Exocet ɗin nan, da wasu uku daga Jamus, ɗayansu Damisa. Kuɗin mai ne aka kashe, kuɗin da mutumin Wurno da na Rabah ke da haƙƙi a ciki kamar na Legas. Aradu ya kai har Ingila a 2005 don bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga, amma ya shafe shekaru masu yawa na rayuwarsa a ɗaure yana jiran gyara. Abin takaici ne ƙwarai, jirgi mai irin wannan suna ya rasa tsawa.

Yau yaƙin da ya dami gabashin Sakkwato a tudu ake yinsa, kuma wanda ya tuna harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba ya buƙatar a gaya masa muhimmancin makami mai aiki. A shekarar 2021 ɗin ce jiragen saman yaƙi na Super Tucano 12 suka iso daga Amurka. Saboda haka, ku wakilanmu a majalisar tarayya, duk ranar da aka kawo muku kasafin sayen sabon jirgi, na ruwa ko na sama, ku nemi a nuna muku kuɗin gyaransa na shekara goma, da adadin 'ya'yanmu da za a horar su kwance shi su ɗaura, da sharuɗɗan da mai sayarwa ya gindaya. Kada ku sa hannu sai kun gani a rubuce.