Me Ke Sa Dusar Ƙanƙara Zaftarewa?

Ranar 23 ga Fabrairu, 1999, dusar ƙanƙara ta zaftaro daga tsauni ta afka wa ƙauyen Galtur na ƙasar Ostiriya, ta hallaka mutum 31. Wannan da kanta ta taso. Amma masu wasan zamiya da kan bar hanyoyin da aka gyara su kutsa ƙuryar tsaunukan Alfus, galibi su ne, ko abokan tafiyarsu, ke tayar da zaftarewar da ke binne su.

Dalili kuwa, dusar hawa-hawa take taruwa, kowace zuba da shimfiɗarta. Idan sanyi ya tsananta, ƙwayoyin wata shimfiɗa kan koma tsaba-tsaba kamar sukari, ba sa kama juna. Daga baya iska ta jibga sabuwar dusa mai tauri a kai. Daga sama ido ba ya ganin komai sai fari fat. Nauyin mutum guda ya isa ya karya raunanar shimfiɗar, tsagar ta bazu, dusar sama ta sulluɓo gaba ɗaya. An fi samun haka a gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wadda, abin takaici, ita 'yan wasa suka fi so.

Wani nazari da aka buga a 1994 kan haɗurran ƙasar Suwizalan ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 15 sun rayu. Zuwa minti 35, sai kimanin kashi 30, domin numfashi ya ƙare wa sauran. Masu ceto daga gari ba safai suke isowa cikin wannan lokaci ba. Shi ya sa kowane ɗan tawaga kan ɗauki shebur, da sandar lalube, da 'yar na'urar rediyo mai nuna inda aka binnu.