Masu Rubuta JavaScript, Daga Gusau Zuwa Zugu

Duk yaron da ya taɓa cike fom ɗin JAMB a Gummi ko Anka ya ga aikin wannan sana'a, ko da bai san sunanta ba. Ka saka lambar waya guda goma maimakon goma sha ɗaya, nan take jan rubutu ya fito ya ce ka gyara, tun kafin ka danna maɓallin aikawa. Wani ne ya zauna ya rubuta wannan umarni, kuma galibi da yaren JavaScript ya rubuta shi.

Brendan Eich ne ya ƙirƙiro yaren a 1995, yana aiki a kamfanin Netscape a Amurka, kuma cikin kwana goma ya haɗa samfurin farko. A 1997 aka yi masa ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna ECMAScript, a 2009 kuma Ryan Dahl ya fito da Node.js, yaren ya yaɗu wajen aiki a kan sabar da ke riƙe da bayanai. Yau kowace burauza, ko Chrome ko Firefox, tana jin wannan yare.

Gwanintar ba a haddar umarni take ba, a tsara tunani take. Mai wannan sana'a yana kallon komai a matsayin abu mai siffofi da ayyuka. A ce wani dillalin hatsi a Bukkuyum yana son manhajar lissafi. Mai rubutu zai fara da buhu: irin hatsin da ke ciki, gero ne ko dawa, tiya nawa, kuɗinsa, da mai shi. Sai ya ba buhun ayyukansa: a saye shi, a sayar, a rage farashi. Wannan tsari sau ɗaya ake rubuta shi, kamar akwatin buga bulo, daga nan a yi ta fitar da buhu dubu, kowanne da nasa bayani. Idan gobe dillalin ya fara sayar da wake, ba a rushe aikin. Sabon tsarin ya gaji na buhu, a ƙara masa maganin ƙwari da ranar da aka zuba shi. Tun 2015 yaren ya samu hanya mai sauƙi ta rubuta irin wannan gado, shi ya sa masu koyo na yanzu suka fi na da hutawa.

Jarin kaɗan ne: kwamfutar cinya ko ta hannu ce, da data, da haƙuri. Haƙurin ya fi tsada, don baka guda da aka manta ba a rufe ba tana iya tsayar da shafi gaba ɗaya, mutum ya kwana yana nema. Ana koyon kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta soma a 2023, amma da yawa a YouTube suka yi karatunsu.

A ganina, abin da ke danne sana'ar a yammacin Zamfara wuta ce da sabis, ba ƙarancin basira ba. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, aka shafe makonni babu kira babu intanet. Manomi ya ci gaba da zuwa gona inda hali ya yi, amma mai rubuta shafi ba shi da hanyar miƙa aikin da ya gama. Shi ya sa yaron Zugu da ya iya hannunsa yakan tattara ya koma Gusau ko Sakkwato ko Kano, inda masu makarantu da 'yan kasuwa ke biyan kuɗin shafi.