Hirar Gem a Bakin Matasan Kwatano: Abin da Ya Sa Ya Kamata Manya Su Kasa Kunne

Daga Zongo zuwa Vêdoko, a birnin Kwatano na Jamhuriyar Benin, akwai wata hira da ta zama ruwan dare a majalisun samari, musamman bayan sallar isha'i. Hira ce ta wasannin gem: wane kake bugawa yanzu, yaya ka same shi, yana cin data, yana zafafa waya, ko sai ka zuba kuɗi kafin ka yi gaba? Ana yin ta da Hausa a cakuɗe da Faransanci, wani lokaci har da Dendi ko Yarbanci, kamar yadda maganar Zongo take. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan hira a matsayin surutun marasa aikin yi. Ni a ganina wannan kuskure ne, domin hirar ita ce mafi kusancin ƙofa da babba zai bi ya san halin da ɗansa yake ciki, kuma ita ce ke kare matasan kansu daga asarar kuɗi da lokaci.

Sai mu fara da sanin abin da ake magana a kansa. A unguwannin da ke dab da filin wasa na Mathieu Kérékou da ke Kouhounou, ƙwallon ƙafa ne sarki, a fili da kuma a allo. Wasan da kowa ya sani da FIFA, na kamfanin EA da ke Amurka, ya koma EA Sports FC a 2023, amma har yau tsohon sunan ne a bakin yara. Abokin hamayyarsa PES, na kamfanin Konami da ke Japan, ya zama eFootball a 2021, ana kuma sauke shi kyauta. Ana buga waɗannan a gidajen gem, inda mai shago yake ajiye talabijin da PlayStation, ana biya ana bugawa, wanda aka ci ya miƙa hannun bugawa ga na gaba. A waya kuwa, wasannin harbi ne suka yi kaka-gida. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo ya fito a 2017, yana zuba mutum 50 a tsibiri guda su fafata na kimanin minti 10. PUBG Mobile ya biyo baya a 2018 da mutum 100 a zagaye ɗaya, sai Call of Duty Mobile a 2019. Free Fire ya samu karɓuwa a ƙasashe irin namu saboda ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa.

Amfanin farko na hirar shi ne na aljihu. Kusan duk waɗannan wasanni an tsara su ne da tunanin mai bugawa da ke da intanet mai ƙarfi da lantarkin da ba ya ɗaukewa. Tallan kamfani ba zai gaya wa yaron Vêdoko ko wasan zai yi tafiya a layin MTN, ko Moov Africa, ko Celtiis ba, balle yawan datar da sabuntawa ɗaya za ta lashe. Abokinsa da ya riga ya gwada ne zai faɗa masa. Kamar yadda mai hankali ba ya shiga kasuwar Dantokpa ya sayi kaya mai tsada sai ya tambayi wanda ya taɓa saya, haka saurayin da sefa kaɗan ne a hannunsa yake tambayar na gaba da shi kafin ya ƙona datarsa. A cikin wannan musu ne kuma yaro yake koyon kawo hujja: in ya ce eFootball ya fi FC, majalisa ba za ta ƙyale shi ba sai ya faɗi dalili, ko a yadda ƙwallo ke tafiya, ko a tsarin tsaron baya, ko a kuɗin da ake kashewa.

Masu suka za su ce ai wasan kansa ɓata lokaci ne, yana hana karatu, yana sa a makara salla, don haka hirarsa ƙarin ɓata lokaci ce. Wannan damuwa tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtukanta a 2019, jerin kuma ya fara aiki a Janairun 2022. Amma hukumar ta gindaya sharuɗɗa: sai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da illar da yake gani, kuma galibi hakan ya ɗauki aƙalla wata 12. Ta kuma bayyana cewa kaso kaɗan ne na masu bugawa ke kaiwa wannan mataki. Abin tsoro a nan shi ne yaron da ya kulle kansa a ɗaki ya daina magana da kowa. Wanda yake fitowa majalisa yana ba da labarin wasansa yana cikin idon jama'a, in ladan ya kira salla kuma akwai mai ce masa ya tashi. Iyayenmu ma sun san dara, maƙwabtanmu Fon suna da adji, kuma tun can ana samun wanda wasa ya shagaltar da shi daga sana'a. Jama'ar da ke zaune a gefensa ne suke tsawatar masa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta caca. Wasan da aka ce kyauta ne yana samun ribarsa daga sayayyar cikin wasa: lu'ulu'u a Free Fire, UC a PUBG, da fakitin 'yan wasa a FC, wanda kake biya ba tare da sanin wa zai fito maka ba. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan sa'a caca ne, kuma a farkon 2019 EA ta daina sayar da makin FIFA, wanda ake sayen fakitin da shi, a ƙasar. Ga iyalin Musulmi wannan ba ƙaramar magana ba ce, balle yanzu da ake iya biya ta kuɗin waya cikin ƙiftawar ido, ga kuma masu sa kuɗi a kan wasa a wasu shaguna. To amma ta ina uba zai san ɗansa ya faɗa wannan rami? Hana waya yakan sa yaro ya koma ta abokinsa a ɓoye. Uban da ya saba tambayar ɗansa yadda wasa yake tafiya zai ji kalmar "na sayi fakiti" tun kafin abin ya yi nisa, ya kuma yi masa bayanin hukuncinsa. Haka zancen shekaru: tsarin PEGI na Turai yana liƙa lamba 3, 7, 12, 16 ko 18 a jikin wasa, kuma GTA V, wanda yara ke rububinsa, lambarsa 18 ce.

Akwai kuma riba ta gaba. Mai iya faɗin dalilin da ya sa wasa ya yi daɗi ko ya gundure shi ya taka matakin farko na ƙirƙirar nasa. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan da aka gina a kan al'adun Afirka. A Legas akwai Maliyo Games, a Gana akwai Leti Arts, a Abijan kuma ana shirya bikin FEJA na masu gem tun 2017. Tarihin fatauci da ya kafa zangonnin Hausawa daga Kano har bakin teku, da dambe, da tatsuniyoyin Gizo, duk kayan aiki ne da ke jiran matashin da zai mayar da su wasa.

Saboda haka kira na ga iyaye, da yayye, da malaman Islamiyya na Zongo da Vêdoko shi ne su shiga wannan hira. Ku tambayi yaranku sunan wasan da suke bugawa, da wa suke bugawa, da nawa suka kashe a wannan wata. Ku duba lambar shekarun da ke jikinsa, ku yanka musu lokacin da ba zai ci karo da salla da karatu ba. Ku kuma samari, in an tambaye ku game da wasa, ku faɗi gaskiyarsa har da aibinsa, domin na ƙasa da ku da maganarku suke aiki.